Na'urar Sanyaya Baƙin Mai a Injin Mota: Darasi Daga Hanyoyin Gwandu da Kalgo

Gabatarwa

Duk wanda ya saba shiga motar haya tsakanin Gwandu da Birnin Kebbi, ko daga Kalgo ya nufi Bunza da Kamba, ya san yadda hanya take a watannin Maris, Afrilu da Mayu. Rana takan take tun da hantsi, zafin iska ya kai digiri 40 a ma'aunin santigired, wani lokaci ma ya zarce haka. A irin wannan yanayi ne akan ga ƙananan motoci a gefen titi an ɗage bonet, yaron mota ya tafi neman ruwan da za a zuba a lagireto.

Kowa ya san cewa inji yana bukatar ruwa domin ya huce. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, baƙin man da ke cikin injin shi ma yana ɗaukar zafi, har yakan fi ruwan zafi, kuma idan zafin ya wuce ƙa'ida sai man ya kasa aikinsa. Domin haka ne masu ƙera motoci suka sanya wa wasu injuna wata 'yar na'ura ta musamman mai sanyaya mai, wadda kanikawa ke kira oyil kula. Wannan darasi zai bayyana inda zafin inji yake fitowa, da abin da yake yi wa mai, da yadda na'urar take aiki, sannan da irin kurakuran da ke kashe ta a ƙasa mai zafi da ƙura kamar Jihar Kebbi.

Daga ina zafin yake fitowa?

Injin mota yana samun ƙarfinsa ne daga ƙona fetur. Fetur da iska sukan haɗu a cikin silinda, fulogi ya ba da tartsatsin wuta, haɗin ya kama, iskar da ta ƙone ta kumbura ta tura fistin ƙasa. A daidai lokacin da wutar ta kama, zafin da ke cikin silinda yakan wuce digiri 2,000, alhali kuwa alminiyon da ake ƙera fistin da shi yana narkewa a wajen digiri 660. Ke nan, in ba a riƙa kwashe zafin nan da nan ba, inji ba zai daɗe yana aiki ba.

Lita guda ta fetur tana ɗauke da makamashin da ya kai kimanin kilojul 32,000. Wannan ya isa ya ɗauki ruwa fiye da lita 100, wato rabin durom, daga digiri 30 ya kai shi ga tafasa. Amma abin da ke juya tayoyin mota daga cikin wannan makamashi bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku ba. Kimanin kashi ɗaya cikin uku yana fita ta salansa tare da hayaƙi. Ragowar kuwa yana shiga jikin ƙarfen injin, kuma shi ne wanda ruwa da mai da iska za su kwashe.

Ruwa yana zagaya silindoji ta wasu hanyoyi da aka bari a jikin injin, ya kwashi zafi ya kai lagireto. Sai dai akwai wuraren da ruwan ba ya kaiwa, kamar ƙarƙashin fistin, da gaɓoɓin karanshaf, da sandar da ke buɗe bawul-bawul. A waɗannan wurare mai ne kaɗai ke shiga, saboda haka shi ne ke ɗauko zafinsu.

Ayyukan baƙin mai

Baƙin mai yana da manyan ayyuka guda biyar a cikin inji:

1. Yana shiga tsakanin ƙarafa masu motsi ya hana su gugar juna.
2. Yana kwashe zafi daga inda ruwa ba ya kaiwa.
3. Yana wanke dattin ƙuna da ɓarɓashin ƙarfe, ya kai su ga filta.
4. Yana toshe 'yar kafar da ke tsakanin zoben fistin da bangon silinda.
5. Yana hana tsatsa.

Aiki na farko yana da tarihi mai ban sha'awa. A shekarar 1883 wani injiniya ɗan Ingila mai suna Beauchamp Tower yana gwaji a kan irin gaɓar da ke riƙe da sandar ƙafafun jirgin ƙasa. Ya huda rami a saman gaɓar, sai ya ga mai yana bulbulowa ta ramin idan sandar tana juyawa. Ya toshe ramin da katako, man ya turo katakon waje. Wannan ya nuna cewa sandar da ke juyawa tana jan mai zuwa ƙarƙashinta, ta matse shi har ya ɗauke ta, ta riƙa shawagi a kansa ba tare da ta taɓa ƙarfen da ke ƙasa ba. A shekarar 1886 Osborne Reynolds, malami a birnin Manchester, ya fitar da lissafin da ya bayyana wannan al'amari.

Haka abin yake a injin mota. Karanshaf yana juyawa a cikin wasu shimfiɗu na ƙarfe mai laushi, waɗanda kanikawa ke kira metal. Man da ke raba su, a wurin da nauyi ya fi dannawa, bai kai ko kusa da kaurin silin gashin kai ba. A kan wannan ɗan siririn mai ne rayuwar injin gaba ɗaya ta rataya.

Abin da zafi ke yi wa mai

Wanda ya taɓa ganin man shanu ko manja da safiyar hunturu ya san yadda suke daskarewa, ya kuma san yadda suke tsinkewa idan aka ɗora su a wuta. Baƙin mai ma haka yake. Alal misali, man da aka rubuta wa 20W-50, wanda tsofaffin motoci suka fi amfani da shi, kaurinsa a digiri 100 bai fi kashi ɗaya cikin takwas ko tara na kaurinsa a digiri 40 ba. Lambobin nan ma'auni ne na ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, wato SAE. Lambar farko mai harafin W tana nuna yadda man yake gudana cikin sanyi, ta biyu kuma tana nuna kaurin da ya rage masa idan ya yi zafi.

Masu ƙera injuna sun san da wannan, sun kuma tsara injin yadda man zai yi aiki daidai a tsakanin kimanin digiri 90 zuwa 110. Idan zafin ya haura 120 ya doshi 140 ko 150, abubuwa biyu sukan faru. Na farko, man yakan tsinke ƙwarai, ya kasa ɗaukar karanshaf, ƙarfe ya fara gugar ƙarfe. Gugar tana ƙara zafi, zafin ya ƙara tsinka man, a haka har metal ya narke ko ya goge. Wannan shi ne abin da direbobi ke nufi idan suka ce inji ya buga.

Na biyu, man yakan haɗu da iskar oksijin ya lalace a hankali, ya koma baƙin caɓi mai danƙo wanda ke toshe ƙananan hanyoyin mai. Wani masanin kimiyyar haɗa sinadarai ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya bayyana a shekarar 1889 yadda zafi ke gaggauta haɗuwar sinadarai. A bisa wannan ne injiniyoyin mai suke da wani ƙiyasi cewa duk ƙarin digiri 10 yakan ninka saurin lalacewar mai. Ke nan man da zai yi wata huɗu a digiri 100 zai yi kimanin wata biyu a digiri 110, ya yi wata ɗaya a digiri 120. Ƙiyasi ne, amma yana nuna cewa ɗan ƙarin zafi ba ƙaramar ɓarna yake yi ba.

Abin lura kuma shi ne, sanyi da yawa ma illa ne. Duk lita guda ta fetur da ta ƙone tana haifar da tururin ruwa da ya kai kimanin lita guda. Mafi yawansa yana fita ta salansa, amma kaɗan yakan sulale ya gauraya da mai, tare da ɗan fetur da bai ƙone ba. Sai man ya yi zafi sosai sannan waɗannan suke tashi su fita. Saboda haka manufar na'urar sanyaya mai ita ce tsayar da zafin man a inda ya dace, kada ya yi sama da yawa, kada kuma ya yi ƙasa da yawa.

Yadda zafi ke tafiya

Zafi kullum yana tashi ne daga abu mai zafi zuwa wanda bai kai shi zafi ba, kuma abubuwa uku ne suke ƙayyade saurin tafiyarsa.

Na farko shi ne tazarar zafi tsakanin abubuwan biyu. Isaac Newton ya yi bayani a shekarar 1701 cewa gwargwadon yadda abu ya fi abin da ke kewaye da shi zafi, gwargwadon saurin hucewarsa. Na biyu shi ne faɗin wurin da abubuwan biyu suka haɗu. Wannan ne ya sa mai shayi yake sheƙa shayi daga kofi zuwa kofi, domin siririn zubin ya ba iska wurin taɓawa mai yawa. Na uku shi ne irin abin da zafin zai ratsa. Alminiyon yana ratsar da zafi fiye da baƙin ƙarfe kamar sau huɗu, tagulla kuma ta fi alminiyon. Shi kuwa mai, zafi ba ya ratsa shi da sauƙi, don haka sai an baje shi siriri-siriri, an kuma sa shi yana motsi, sannan yake sakin zafinsa.

Akwai kuma bambanci a yawan zafin da kowane abu ke iya ɗauka. Kilo guda na ruwa yana bukatar kilojul 4.2 kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya, amma kilo guda na mai kimanin kilojul 2 kawai yake bukata. Wato zafin da zai ɗaga ruwa da digiri 10 zai ɗaga mai da fiye da digiri 20. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ruwa ya dace da sanyaya mai.

Ire-iren na'urar

Ba kowace mota ce take da wannan na'ura ba. Ƙananan motocin fetur da yawa sun dogara ne ga tukunyar mai da ke ƙasan inji, wadda iska ke bugawa idan mota tana gudu. Injunan ban-ruwa da manoman rani ke amfani da su a fadamun Kebbi, da baburan 'yan kabu-kabu, su ma ta jikin ƙarfensu man yake hucewa. Injunan da aka fi sanya wa na'urar su ne masu ƙarfi da yawa, da waɗanda aka yi domin jan kaya, da masu tabo, wato na'urar da hayaƙin salansa ke juyawa domin ta cusa ƙarin iska cikin silinda. Tabo takan juya fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma man inji ne yake sanyaya gaɓarta. Na'urar iri biyu ce.

1. Mai sanyaya mai da iska. Wannan kamar ƙaramar lagireto take, akan ɗaura ta a gaban mota. Mai yana bin wasu siraran bututu waɗanda aka jera wa ganyayyakin alminiyon kamar saƙar zuma, iska ta ratsa ta kwashe zafin. Misalinta shi ne mutumin da ke fifita kunu da faifai. Sau da yawa akan haɗa ta da wani bawul mai jin zafi, wanda ba ya barin mai ya shiga na'urar sai zafinsa ya kai wajen digiri 80. Amfaninta shi ne ba ta ɗora wa lagireto ƙarin nauyi. Rauninta kuwa shi ne tana bukatar tiyo mai tsawo wanda kan iya fashewa, dutse yana iya huda ta, ƙura kuma tana toshe ganyayyakinta.

2. Mai sanyaya mai da ruwan lagireto. Wannan ita ce ta fi yawa a motocin zamani. 'Yar ƙaramar akwati ce ta alminiyon ko ƙarfe, sau da yawa a daidai inda ake ɗaura filta, kamar yadda ake gani a wasu injunan Volkswagen Golf. A cikinta an jera faranti sirara falle-falle: mai ya bi wannan tsakani, ruwa ya bi na kusa da shi, ba tare da sun haɗu ba. Misalinta shi ne uwar da ta tsoma kwanon kunu mai zafi a cikin daro mai ruwa domin ya huce wa yaro. Tana da wani amfani na biyu. Da safiyar hunturu ruwan inji yakan riga mai yin zafi, don haka sai zafin ya juya, ruwa ya ɗumama mai ya kai shi inda ake so da wuri.

Kada a rikita wannan da na'urar sanyaya man giya ta motoci masu canza giya da kansu, wadda akan saka a cikin tankin lagireto. Aikinsu iri ɗaya ne, amma man da ke bin su daban ne.

Darasi daga Volkswagen Beetle

Tsofaffin direbobi suna tune da Volkswagen Beetle, wadda aka fara haɗawa a Legas a shekarar 1975, shekarar da masana'antar Peugeot ta Kaduna ita ma ta fara aiki. Injin Beetle a baya yake, kuma ba shi da lagireto ko ruwa sam. Fanka ce take hura iska a kan silindojinsa huɗu, man da ke cikinsa kuwa lita biyu da rabi ne kacal. A irin wannan inji, na'urar sanyaya mai ba kayan ado ba ce, wajibi ce.

A tsarin farko, an kafa na'urar ne a cikin rufin fankar, a kan hanyar iskar da ke zuwa ɓangaren hagu na injin. Sakamakon haka, iskar da ke isa ga silinda ta uku takan zo da saura, ta kuma riga ta ɗumama, sai wannan silindar ta riƙa fin sauran zafi, bawul ɗinta yana yawan ƙonewa. Daga motocin shekarar 1971 aka fara fitar da na'urar gefe, aka yi mata hanyar iska tata ta daban. An ci gaba da ƙera motar har zuwa watan Yuli na 2003 a ƙasar Meksiko, bayan an yi fiye da miliyan 21. Abin koyo a nan shi ne, zafin da aka cire daga mai ba ya ɓacewa. Wani wuri yake komawa, kuma wajibi ne injiniya ya san inda ya tura shi.

Lissafi

A ɗauka cewa kilo 10 na mai ne ke ratsa na'urar a kowane minti, yana shiga da digiri 117 yana fita da digiri 105. Ƙa'idar ita ce:

Zafin da aka cire = nauyin mai × abin da kilo guda ke ɗauka × bambancin zafi

Wato 10 × 2 × 12 = kilojul 240 a minti ɗaya. Idan aka raba da daƙiƙa 60, za a sami kilojul 4 a kowace daƙiƙa, wato kilowat 4. Wannan daidai yake da zafin dutsen guga na lantarki guda huɗu masu wat 1,000 kowanne. Idan kuma kilo 20 na ruwa ne ke bin ɗaya gefen a minti ɗaya, zafinsa zai ƙaru da 240 ÷ (20 × 4.2), wato kusan digiri 3, wanda lagireto za ta fitar daga baya.

Yanzu a duba tasirin yanayi a kan na'ura mai aiki da iska. Idan mai yana digiri 110, iskar safiyar hunturu kuma tana digiri 20, tazarar ita ce 90. Da tsakar ranar Afrilu a hanyar Kalgo, iskar tana iya kai digiri 42, tazarar ta koma 68. Idan aka raba 68 da 90 za a sami kimanin 0.76. Ke nan na'urar ta yi asarar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinta, ba don ta lalace ba, sai don yanayi kawai. Man zai ci gaba da ƙara zafi har sai tazarar ta sake buɗewa. Lagireto ma wannan hukunci ne a kanta.

Halin da motoci ke ciki a Gwandu da Kalgo

Mafi yawan ƙananan motocin da ke jigila a wannan yanki an ƙera su ne a Turai ko Japan, an kuma yi amfani da su shekaru kafin su iso Nijeriya. A nan kuwa aikin da ke jiran su ya fi wanda aka tsara su dominsa. Motar da aka yi wa kujerun mutum biyar takan ɗauki fiye da haka, a cika but da buhunan shinkafa ko albasa, a nufi kasuwar Jega ko Birnin Kebbi. Ƙarin nauyi yana nufin ƙarin fetur a kowace kilomita, ƙarin fetur kuma ƙarin zafi ne. A hanyoyin ƙauyuka masu yashi, direba yakan daɗe a giya ta ɗaya ko ta biyu: inji yana ihu, mota tana rarrafe, iskar da ke bugun gabanta kuma kaɗan ce. Wannan shi ne yanayin da ya fi kowanne gasa mai. Ga kuma ƙurar hunturu da ƙaiƙayin sussuka da ke liƙewa a ganyayyakin lagireto su hana iska wucewa.

Ban da yanayi, akwai wasu al'adu huɗu da suka zama ruwan dare a garejoji da tashoshin mota na ƙasar nan, waɗanda kimiyya ba ta goyi bayansu ba.

Ta farko ita ce zuba ruwan rijiya ko na burtsatse zalla a lagireto. Irin wannan ruwa yana ɗauke da gishirin ƙasa wanda ke daskarewa kamar farar ƙasar da ake gani a gindin tsohuwar tukunyar dafa ruwa, yana kuma cin alminiyon. Ruwan lagireto na musamman, mai launin kore ko ja ko shuɗi, yana da sinadaran hana tsatsa, kuma idan aka haɗa shi rabi da rabi da tsabtataccen ruwa ba ya tafasa sai wajen digiri 107, murfin lagireto mai kyau kuma ya ƙara ɗaga wannan zuwa sama da 120.

Ta biyu ita ce cire tamostat, wato bawul ɗin da ke hana ruwa zuwa lagireto har sai ya kai digiri 80 zuwa 90, bisa zaton cewa don ƙasashen sanyi aka yi shi. Cire shi yana sa inji ya daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan fetur, man kuma ya tara ruwa. Idan tamostat ya lalace, maganinsa shi ne a sauya shi.

Ta uku ita ce kewaye na'urar sanyaya mai idan ta fara yoyo, a haɗe tiyon ruwa biyu a bar ta. Motar za ta tashi ta yi tafiya, amma man zai riƙa aiki a zafin da ba a tsara masa ba, ɓarnar kuma ba ta bayyana sai bayan watanni.

Ta huɗu ita ce sayen man da ake aunawa a kwalabe a bakin hanya, wanda ba a san asalinsa ko ma'auninsa ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin tafiyar da mota ya ƙaru ƙwarai, kuma ba abin mamaki ba ne mai mota ya nemi sauƙi. Amma araha ba ta ado: kuɗin galan guda na mai mai inganci bai kai ko kusa da kuɗin sauke inji ba, balle asarar kwanakin da motar za ta yi a gareji iyalin direba suna jira.

Alamomin lalacewa

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan tsatsa ta huda farantin da ke raba mai da ruwa, sai su haɗu. Wanne ne zai shiga wurin wani? Amsar tana ga matsi. Idan inji yana gudu, famfo yana tura mai da matsin da ya kai kamar ba 2 zuwa 5, ruwan lagireto kuwa kimanin ba 1 ne. Tayar ƙaramar mota, domin kwatance, tana ɗauke da iskar ba 2 da 'yan kai. Saboda haka mai ne ke fara kutsawa cikin ruwa. Da zarar an kashe inji, matsin mai yakan faɗi nan take, na ruwa kuwa yana nan har sai ya huce, don haka a lokacin ruwa yana iya komawa cikin mai. Ga alamomin da za a lura da su:

1. Maiƙo ko kumfa mai launin shayi da madara a tankin ruwan lagireto.
2. Man da ke jikin sandar awon mai ya koma kamar kunun gyaɗa.
3. Ɗigon mai a kusa da filta, sau da yawa daga zoben roba da zafi ya busar.
4. Tiyon ruwa ya kumbura ya yi laushi, domin mai yana cin roba.
5. Jar fitilar mai tana ƙyaftawa idan inji ya yi zafi kuma mota tana tsaye.

Alamomi biyu na farko suna kama da na ƙonewar gasket ɗin kan silinda. Bakanike mai lura yakan fara cire na'urar sanyaya mai, ya toshe bakinta, ya hura mata iska a cikin bokitin ruwa kamar yadda mai faci ke gwada tiyub. Idan kumfa ta fito, an gano ɓarawon ba tare da an buɗe kan inji ba. Bayan an sauya na'urar, wajibi ne a wanke hanyoyin ruwa sosai, a kuma sauya mai da filta.

Hattara

Kada a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi, domin ruwan zai yi tsartuwa ya ƙona fuska da hannu. Idan jar fitilar mai ta kama ana cikin tafiya, a tsaya a kashe inji nan take. Ruwan lagireto na musamman yana da zaƙi-zaƙi amma guba ne, a nisanta shi daga yara da dabbobi. Tsohon baƙin mai kuma kada a zubar da shi kusa da rijiya, magudanar ruwa ko fadama, kada kuma a bari ya daɗe a jikin fata.

Gwaji domin aji

Gwaji na ɗaya: a sami gwangwanayen madara uku iri ɗaya, a zuba wa kowanne ruwan ɗumi daidai da juna, mai zafin kimanin digiri 60, malami yana tsaye. A ajiye na farko a kan tebur, a riƙa fifita na biyu, a tsoma na uku a cikin daro mai ruwan randa. A auna zafin kowanne duk bayan minti biyu har minti ashirin, a zana jadawali. Ɗalibai su faɗi wanne ya yi kama da tukunyar mai, wanne da na'ura mai iska, wanne kuma da na'ura mai ruwa.

Gwaji na biyu: a huda ɗan ƙaramin rami a gindin gwangwani, a zuba man gyaɗa cokali goma, a ƙirga daƙiƙoƙin da zai yi kafin ya tsiyaye. A ɗumama wani cokali goma ta hanyar tsoma kwalbarsa cikin ruwan zafi, a sake gwadawa, a kwatanta.

Kammalawa

An ga cewa baƙin mai yana raba ƙarafa, yana kuma kwashe zafi, kuma ba ya iya yin na farko idan aka gaza taimaka masa a na biyu. Na'urar sanyaya mai tana aiki ne bisa ƙa'idoji uku da ke cikin littafin fizik na sakandare: tazarar zafi, faɗin wurin haɗuwa, da irin ƙarfen da zafi zai ratsa. Jihar Kebbi tana da wuraren zurfafa karatun kimiyya da fasaha, irin su jami'ar kimiyya da fasaha da ke Aliero wadda aka kafa a 2006, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi wadda aka kafa a 2013 kuma mazauninta yana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, da Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru. Ɗalibin da ya haɗa lissafin aji da abin da idonsa ya gani a garejin unguwarsu zai amfani kansa, ya kuma amfani direbobin garinsu.

Tambayoyi

1. Me ya sa ruwan lagireto shi kaɗai ba ya isa ya sanyaya dukkan sassan inji?
2. Kilo 8 na mai yana ratsa wata na'ura a minti ɗaya, zafinsa yana sauka da digiri 15. Kilowat nawa na zafi na'urar take cirewa?
3. Idan mai yana digiri 115, kwatanta aikin na'ura mai iska a ranar da zafin iska yake digiri 25 da ranar da yake digiri 43.
4. Bayyana dalilin da ya sa mai ke fara bayyana a cikin ruwa, maimakon ruwa a cikin mai, idan na'urar ta huje.
5. Wace illa ce ke samun man injin motar da ba ta yin doguwar tafiya, kullum daga gida zuwa kasuwa kawai?